Yadda ake tokare injin jirgin ruwa idan jirgin yana kan tirela

Wannan bayani na masu jirgin faiba ne, irin wanda ake ɗorawa kan 'yar tirela a ja da Hilux, ko na kamun kifi ne ko na sintiri ko na ceto. Masu manyan jiragen katako na Yauri da Malale nasu kullum yana cikin ruwa, ba abinda ya haɗa su da tirela. Amma jirgin da yau an kai shi Tiga, wani satin Shiroro, ko wanda ake jingine shi a harabar ofis wata da watanni sai ambaliya ta zo irin ta Maiduguri a Satumbar 2024 sannan a tuna da shi, to shi yawancin lalacewarsa a tudu yake yinta, kuma daga wajen injin da ke rataye a bayansa take farawa.

Ka riƙe abu biyu kafin mu shiga aikin. Idan jirgi a ajiye yake, inji a miƙe yake so ya tsaya, ƙafarsa, wato dogon ɓangaren nan mai farfela, tana ƙasa, kamar yadda yake cikin ruwa. Idan kuma ba filin da za a sauke ƙafar, ko a ajiye ko a kan titi, to sai an tokare shi da wani abu mai ƙarfi. Ɗan makarin nan da kamfani ya sa a jikin inji, wanda kake turawa in ka ɗaga shi, na ɗan lokaci ne, a bakin ruwa ko in za a duba farfela. Littafin Yamaha ma ya faɗa ƙarara kar a ja jirgi inji yana kansa, girgiza na iya zame shi injin ya faɗo.

Kayan da za ka tanada

Katako tu-bai-fo mai tauri, guntaye uku ko huɗu, da falange mai faɗi guda biyu. Ka nemi jan katako, farin nan mai laushi murƙushewa yake yi. Waigi huɗu na tayoyi, in babu manyan duwatsu masu kusurwa sun yi. Jak sitan guda biyu irin na bakanike, in babu sai kututturen icce da aka yanke bakinsa daidai. Bel ɗin ɗaure kaya mai ƙarfen matsewa, aƙalla biyu, da igiya. Tsohon tub na taya da wuƙa ta yanka shi. Sifana, sukundireba mai faɗin baki, giris, tef na awo, tamfol, sarƙa da kwaɗo. Sai matokari, ƙarfen da ke tashi daga bayan tirela ya tallafi ƙafar inji. Akwai na kamfani amma ba kasafai ake samunsa a kasuwanninmu ba, mai walda zai haɗa maka, zan yi bayaninsa a mataki na 5.

Sai kuma mutum guda. Injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 wajen kilo 40 ne, mai 40 wajen kilo 70, mai 75 ya wuce 100, manyan fo-sitirok ɗin nan kuwa, masu gidan baƙin mai daban kamar injin mota, sun ninka haka. In injinka ba na haidirolik ba ne, wato mai ɗagawa da sauka da maɓalli, kar ka yi aikin kai kaɗai.

1. Wuri da waigi

Ka nemi ƙasa mai tauri, daɓen siminti ya fi, in babu to inda ruwa baya kwanciya da damina. Waigi kafin komai, gaba da bayan taya, gefe biyun, tun tirela tana haɗe da mota. Mutane da yawa sai sun cire tirelar sannan su fara neman dutse, kan su dawo ta gangara ƙafar inji ta doki katanga. In da inuwa to madalla, amma ba gindin mangwaro ko darbejiya ba, ganye da 'ya'ya za su cika jirgin su toshe mafitar ruwa.

2. Duba zaman jirgi a kan tirela

Wannan matakin kusan kowa tsallake shi yake, alhali duk tokarar da za ka yi a kansa take zaune. Ka tsuguna a baya ka leƙa ƙasa. Dogayen katakan nan biyu masu kafet da jirgi ke kwanciya a kai dole bakinsu ya kai har ƙarƙashin allon baya inda inji ke rataye, ko ma ya ɗan leƙo da kamar inci ɗaya. In allon ya zarce su ya tsaya a iska, nauyin inji na danna shi ƙasa ba abinda ya tare, a hankali cikin jirgin zai lotsa a daidai inda katakon ya ƙare kuma wannan lotsawar bata komawa, jirgin zai riƙa nutsa hanci in yana gudu. Maganin shi ne a ja jirgin gaba da winci, abin naɗe igiyar nan da ke gaban tirela, ko a matsar da sandar wincin gaba, ko a sake katakan da dogaye.

Daga nan ka gwada allon kansa. Ɗaga inji, ka kama ƙafarsa ka danna ƙasa da ƙarfinka, wani ya tsaya yana kallon allon. Bai kamata ya motsa ba. In yana lanƙwasa, ko ka ga ruwa ja-ja yana tsattsafowa ta ramin noti, ko tsaga sirara a kusurwoyi, to filawud ɗin da ke cikin faibar ya sha ruwa ya ruɓe. Ƙwanƙwasa shi da gindin sukundireba, lafiyayye ƙara yake yi tas-tas, ruɓaɓɓe sai ka ji dum-dum. Irin wannan ba tokara yake nema ba, a sauke injin gaba ɗaya a kai wa mai faiba.

Gaskiyar magana lafiyayyen allo baya gajiya da nauyin inji in waje ɗaya ake tsaye, don haka aka yi shi. Abinda ke cinye shi girgizar hanya ce lokacin da ƙafar inji ke miƙe a baya tana lilo. Ka riƙe bokitin ruwa ka miƙe hannunka ka yi gudu, kafaɗarka za ta gaya maka abinda allon ke ji.

3. Cire tirela daga mota, a tokare bayanta

Ka sa falange a ƙarƙashin jak ɗin gaba don kar ya nutse in ƙasa ta jiƙe. Ka cire tirelar, ka daidaita tsayin gaban. Sannan ka sa jak sitan biyu ko kututture a ƙarƙashin ƙarfen tirela na can baya, dama da hagu, su taɓa shi sosai.

Dalili biyu ne. Tirelar jirgi gabanta ba nauyi sosai, inji duk ya rinjayi baya, mutum ɗaya in ya taka bayan jirgin don ya ɗauko wani abu sai gaban ya tashi sama, wuƙar nan ta ƙasan farfela ta caki ƙasa, kuma almini ce, karyewa take yi. Yara kuwa ka san sai sun hau. Na biyu, taya tana sacewa a hankali, bayan wata biyu jirgin ya sauka da inci biyu uku ba wanda ya lura.

In bulo kawai kake da shi, ka tsayar da shi ramukan na kallon sama ka ɗora katako a kai, kar ƙarfe ya zauna kan bulo kai tsaye. Bulon da ake bugawa yanzu yashi ya fi yawa, ni dai ban yarda da shi ba ko kaɗan, kututture ya fi min.

4. Sauke inji ya miƙe

Ɗaga injin kaɗan don makarin ya saki, ka mayar da makarin, ka sauke a hankali kana kallon wuƙar ƙasa. Na haidirolik ka danna maɓalli har sandunan nan masu ƙyalli su shige cikin gidansu, a ciki suna cikin mai, a waje kuwa ƙura da raɓa za su yi musu tabon tsatsa, ranar da ka sauke tabon ya yanke sil, robar da ke tare mai, mai ya fara yoyo. In batir ya mutu akwai sukuru a gefen famfon da ake sassautawa da sukundireba, amma a riƙe injin tukuna don da ka sassauta sakin nauyinsa zai yi, kar ka cire sukurun gaba ɗaya, kuma ka mayar ka ɗaure in an gama.

Tsakanin wuƙa da ƙasa ya zama akwai aƙalla faɗin yatsu huɗu. To nan ake samun matsala, musamman inji mai doguwar ƙafa ta inci 20 ko 25 a kan tirela mai ƙananan tayoyi. Ana so hancin jirgi ya ɗan ɗaga don ruwan sama ya gangara baya ya fita, shi kuma hanci in ya ɗaga baya sauka yake yi, ƙafar inji ta rasa wuri. In ƙasa ce ba siminti ba, mafi sauƙi ka haƙa ɗan rami a daidai ƙafar ka yi masa hanyar da ruwa zai fita. In siminti ne ka hau da tayoyin kan falange biyu biyu tun kafin ka cire mota. Ko ka juya tirelar bayanta ya fuskanci gangare ko bakin dakali. Ɗaga hancin baya buƙatar yawa, ka zuba ruwa bokiti ɗaya a ciki, in ya gangara ya fita ya isa.

Abinda ba a yi shi ne a cusa katako a ƙarƙashin wuƙar wai don ta huta. Ranar da taya ta sace, nauyin jirgi da tirela duka a kan wannan wuƙar zai sauka. Haka ma tokare inji da sanda zuwa ƙasa. Duk abinda zai tallafi inji, a jikin tirela ko jikin injin kansa zai tsaya, don in tirela ta motsa su motsa tare.

Me ya sa muke nacewa sai a miƙe? Ruwan da ke cikin hanyoyin sanyaya inji sai a haka yake tsiyayewa duka. In a ɗage yake, ramin salansa da ke tsakiyar farfela sama yake kallo, ruwan sama ya taru a ciki ya kwana. Turawa tsoronsu kar ya daskare ya fasa giyabos, mu namu tsatsa ne da laka. Tu-sitirok, mai ƙona baƙin mai tare da fetur, in ya daɗe a ɗage fetur na ɗiga daga kafireto cikin murfi, fo-sitirok kuma baƙin mai kan silale inda bai kamata ba, ka tayar ya yi ta hayaƙi ko fulogi ya jiƙe.

5. In dole sai a ɗage

Wani lokaci ba yadda za ka yi, ko wurin haya ne ba a haƙa rami, ko gobe da asuba za a tafi. Hanya biyu ce.

Ta katako ita ce mai sauƙi. Ɗaga inji sama sosai, sa makarin kamfani don ya riƙe maka na ɗan lokaci. Ka duba tsakanin ƙarfen da ke manne da allo da ɓangaren da ke ɗagawa, nan za ka gitta guntun tu-bai-fo, ya zauna kan kafaɗun ƙarfen biyu, ya ɗan leƙo kowane gefe. Ka tabbata bai taɓa sandar haidirolik ba, bai danne waya ko tiyo ko kan giris ba. Ta bakinsa za ka riƙe katakon daga gefe, yatsunka kar su shiga tsakani, kanka kar ya shiga ƙarƙashin ƙafar inji ko da minti ɗaya ne. Sai a cire makari a sauke a hankali har katakon ya kamu, ka ja shi da hannu ka ji baya motsi. Ka huda bakinsa ka ɗaure da igiya a jikin inji, in ya zame a hanya ba zai faɗa wa na bayanka ba. Wannan hanyar tana hana inji faɗowa tana kuma hutar da haidirolik, amma nauyin yana nan a kan allo. Don ajiya ta wadatar, don ɗan gajeren zuwa bakin ruwa ma ta yi.

Ta matokari ita ce ta doguwar tafiya. Ɗaga inji daidai inda kake so ya tsaya, ka auna daga ƙarfen tirela na ƙarshe, a tsakiya, zuwa gaban ƙafar inji, wajen faifan nan da ke saman farfela. Wannan awon za ka kai wa mai walda. Ya samo fayif mai kusurwa huɗu mai kauri, ba na gadon ƙarfe ba. A kai ɗaya ya yi masa baki mai siffar V inda ƙafar za ta zauna, da 'yan kunnuwa biyu na ɗaure roba. A ɗaya kan ya yi masa kunne mai rami, a jikin tirela kuma a kafa mazauni da za a zura fin a sa masa kilif. In ya iya yin fayif biyu ɗaya cikin ɗaya da ramuka a jere ya fi, sai ka riƙa ƙara tsawo ko ragewa. V ɗin ka naɗe shi da tub ninki uku ko huɗu, ƙarfe tsirara in ya goga almini fenti zai ci sannan ya ci jikin. Ka lura kar ya zauna kan ramukan da inji ke shan ruwa.

Wajen sawa, fara da kan tirela ka zura fin, ka ɗaga V ɗin, a sauke inji har ya zauna ciki. Na haidirolik ka ɗan ƙara dannawa sau ɗaya robar ta matsu, shikenan, kar ka ci gaba da dannawa har fayif ya fara kuka. Sai ka zagaya ƙafar da roba ka ɗaure a kunnuwan. Wanda ba haidirolik ba, ba abinda ke danne shi ƙasa, a kowane rami tsalle zai yi ya dawo kan ƙarfen, saboda haka sai ka ƙara bel daga ƙafar zuwa tirela ka matse.

Ga sharaɗin da in babu shi matokari cuta ne: dole bayan jirgin ya kasance a ɗaure tam da tirela, bel dama da hagu daga zobban allo zuwa ƙarfen tirela. In jirgi na tsalle daban tirela na tsalle daban, duk dukan da taya ta sha ta cikin fayif ɗin zai bi ya sauka a giyabos.

6. Sitiyari, notuka, sarƙa

Inji a ɗage in ba a ɗaure ba faɗawa yake gefe ɗaya. Ka daidaita shi tsakiya ka ɗaure da igiya zuwa zobban baya, dama da hagu. Mai hannun tuƙi ka matse sukurun da ke ƙara masa tauri, ka naɗe hannun sama. Fo-sitirok in dole sai ya kwanta gefe, ka duba littafinsa ka ga wane gefe aka yarda.

Sukurori biyun nan masu hannu da ke damƙe ƙaramin inji a allo, ka matse su da hannu, kar ka sa fayif don ƙarin ƙarfi. Daga doki 40 zuwa sama gara a huda a ɗaure da noti, a cike ramin da gam mai hana ruwa. Ka zura kwaɗo ta ramukan hannayen biyu don kar a kwance, ka ƙara sarƙa zuwa tirela. Farfela ma in za a daɗe cire ta ka kai ɗaki, ita ɓarayi suka fi ɗauka, kuma dama ce ka ga ko zaren koma ya naɗe a bayanta, shi ke yanke sil ruwa ya shiga man giya. Shafa giris a sandar farfelar kafin ka tafi.

7. Ruwa, mai da rufi

Cire toshiyar ruwa ta bayan jirgi ka rataye ta a sitiyari ko jikin makulli, inda dole ka ganta kafin a koma ruwa. Jirgin da aka bari a toshe da damina, ruwan sama ɗaya mai ƙarfi zai tara ɗaruruwan lita, kowace lita kilo guda ce, kuma duk baya za su taru wajen inji.

In za a wuce sati biyu ba a taɓa shi ba, ka sa ƙafar cikin durom na ruwa mai tsabta ya rufe faifan, ka tayar a nutural, ka cire tiyon mai ka bar shi ya shanye na kafireto. Kar ka kuskura ka tayar a bushe ko na daƙiƙa kaɗan ne, robar famfon ruwa ƙonewa take yi nan take. Ka ɗan sassauta sukurun man giya na ƙasa ka ga ɗigo ɗaya, in ya fito fari kamar madara ruwa ya shiga, a canza yanzu kar ya kwana ciki. Cire kan batir, tanki a kai inuwa.

Rufi kuma, ka rufe kan inji amma ka bar ƙasan a buɗe iska na shiga, leda in ka naɗe ruf gumi take yi. Ɗan ramin da inji ke fitsarin ruwa ka liƙe shi da salatif, zanzaro na son gina ɗaki a ciki, amma ka tuna ka ɓare. Duk sati biyu ka leƙa, ka buɗe murfi ko ɓera ya tare yana cin waya, ka taɓa katakan da ke ƙasa ko gara ta shige su, ka duba iskar taya.

8. Ranar tafiya

Ka haɗa tirela da mota tukuna, sannan ka cire tokaran baya da waigi. Yanzu ka sake duba wuƙar ƙasa, don tsayin ƙugiyar mota ya canza zaman tirelar. In a miƙe akwai tazara mai yawa, kamar inci 12, za ka iya tafiya a haka kuma ya fi komai, ka dai kulle inji kar ya yi tsalle. In bai kai ba a ɗaga a sa matokari, don bayan tirela na sauka sosai wajen hawa kwalbati, gangaren gidan mai da tudun rage gudu na cikin gari. Ka ɗaura jan ƙyalle a farfela saboda masu babur da ke manne wa a baya, ka sa giya ko ka ɗaure ta don iska kar ta yi ta juya ta. Bayan kilomita goma na farko ka tsaya ka taɓa kowane bel, sabon ɗauri kullum sai ya saki. Hanya in ta lalace, tsaya akai-akai.

In injinka ƙarami ne

Doki 15 zuwa ƙasa duk wannan wahalar bata taso ba, cire shi kawai. A mota ka shimfiɗa tsohuwar taya ko katifa, ka kwantar da shi kai ya fi ƙafa tudu don ragowar ruwa kar ya gangara cikin silinda, amma ka fara tsayar da shi ya tsiyaye tukuna. Fo-sitirok yana da gefen da ake kwantar da shi, akwai hoto manne a jikinsa ko 'yan ƙafafu a gefen, in ka juya shi ɗaya gefen baƙin mai zai cika silinda. A gida kuma kafinta ya haɗa maka mazauni, falange mai kaurin inci biyu a gicce kan ƙafafu masu faɗin gindi, tsayinsa ya isa wuƙar ta tashi daga ƙasa, ka damƙe injin a kai da sukurorinsa ka jingina mazaunin da bango ka ɗaure.